Yadda Ake Zaga Kasuwar Dole da Kewayenta a Damagaram Cikin Yini Guda

Tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini daga masu karatu, na Kano da na Katsina, har da 'yan uwanmu na Yamai da Maraɗi da aiki ke kawowa gabas: "In na zo Damagaram ina da yini guda, ta ina zan fara in ga abubuwan ban mamaki na kasuwa?" Na gaji da ba kowa amsa guntu-guntu, shi ya sa na zauna na jera abin yadda nake yi wa baƙin gidanmu.

Ka riƙe wannan tun daga farko. Abin kallo ba ya cikin rumfunan atamfa da robobi da caja. Waɗannan kana da su a garinku, mai yiwuwa ma sun fi araha. Abin da za ka koma gida kana ba da labarinsa yana gefe-gefe ne, a bayan layi, inda hayaƙi ke tashi, inda tsofaffi suka baza kaya a kan buhu. Baƙo ya kan kutsa tsakiya, ya sha turereniya awa biyu, ya fito yana cewa kasuwa ce kamar kowace. Bai yi ƙarya ba, hanya ce ya ɓata.

Garin kashi uku ne ga mai yawo. Akwai Birni, tsohon gari mai fada da duwatsu. Akwai Zango, unguwar fatake da ayarin raƙuma tun zamanin da. Tsakaninsu kuma Sabon Gari, nan kasuwa take. Yawon naka zai fara daga Birni, ya ratsa kasuwa, ya ƙare a Zango, kuma rana ce ta tsara wannan jerin, ba ni ba.

1. Zaɓi ranarka

Kasuwa tana ci kullum, amma Alhamis ce babbar rana. Ranar ce mutanen karkara ke shigowa da amalanke da jakuna, Fulani da Buzaye su kawo dabbobi, masu baza kaya a ƙasa su cika duk wani fili. Ka iso ranar Laraba da yamma ka kwana. Wanda ya taso daga Kano da safiyar Alhamis, ya biyo ta Daura da Kwangwalam da Matamaye, kafin ya gama da shingaye ya shigo gari rabin abin kallon ya wuce shi. Na Yamai kuwa ba a magana, tafiyar kusan kilomita 900 ce.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi daɗin yawo: an gama girbi, kasuwa cike da hatsi da fara da dabino, rana kuma da sauƙi. Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40.

Gargaɗi: in cikin watan azumi ka zo, masu abincin rana ba sa fitowa, masu sana'ar wuta kuma suna tashi da wuri. In kuwa kwanakin jajibirin babbar Sallah ne, kasuwar raguna za ta burge ka, amma ba dillalin da ke da lokacin hira da ɗan kallo.

2. Gyara aljihu, ka koyi lissafin dala

A nan baƙon Najeriya ya fi shan kunya, don haka zan daɗe a kai.

Kuɗinmu sefa ne, amma a baki ba a ƙirga shi yadda aka rubuta a jikinsa. Da dala ake ƙirgawa, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Saboda haka dala biyar sefa 25 ce, dala goma 50, dala ashirin 100, dala hamsin 250, dala ɗari 500. In aka kai 1,000 sai a ce jaka ɗaya. Abin da ke rikita mutane shi ne mai kaya ba ya ma furta kalmar dala. Zai ce maka "ashirin" kawai, yana nufin ƙwandalar da aka rubuta 100 a kanta. In ya ce "ɗari", takardar 500 yake jira.

Wani abokina Bakano ya taɓa tsayawa gaban wata tsohuwa mai cuku. Ta ce masa ɗari. Ya zaro ƙwandalar 100 ya ajiye mata yana murmushi, har yana ce mini ashe kaya araha ne a ƙasarku. Tsohuwar ta dubi kuɗin, ta dube shi, ta ce, "Ɗana, wannan ai ashirin ce. Ko ɗanɗane ka zo yi?" Matan da ke gefe suka fashe da dariya. Tun daga ranar duk abin da aka faɗa masa sai ya ninka sau biyar a zuci kafin ya sa hannu a aljihu. Kai ma haka za ka yi.

Ka canza kuɗinka tun daren Laraba, wurin ɗan canjin da mai masaukinka ya sani. Ka roƙi ƙananan takardu, na 500 da na 1,000, da ƙwandaloli cike da tafin hannu. Takardar jaka goma a gaban mai sayar da goruba fitina ce: za ta aiki yaro neman canji, ka tsaya rabin awa a rana. Manyan kuɗi ka bar su a masauki, ko a asusun kamfanin tura kuɗi na Nita ko Amana in kana da shi, ka ciro gwargwadon buƙata.

Ni na kan ce wa baƙo ya ware jaka goma sha biyar zuwa ashirin na yinin, ban da masauki. Jaka biyu na kabu-kabu, uku na ci da sha, biyu na goro da ɗan alheri a wuraren da za ka tsaya kallo, biyu ko uku na ɗan rakiya, saura na tsaraba. Mai son babban kayan fata ya ƙara a kai.

Gargaɗi: raba kuɗin gida biyu. Na ciniki a aljihun gaba, sauran a aljihun ciki. Kada ka zaro damin kuɗi don biyan dala goma.

3. Abin da za ka ɗauka, da wanda zai raka ka

Takalmi rufaffe, don za ka taka kashin dabbobi da gutsuren ƙarfe. Hula ko rawani, mace kuma mayafi wadatacce. Gorar ruwa, buhu ko jakar baya da ba komai a ciki, katin shaidarka ko fasfo a jikinka, da goro kamar goma a ɗan ƙyalle mai danshi. Goron nan ya fi kuɗi buɗe bakin tsofaffi.

Ɗan rakiya kuwa, ka nemi mai masaukinka ya haɗa ka da yaron gida ko ɗan kabu-kabun da ya yarda da shi, ku yanke ladan yini tun kafin ku fita. Wanda ya tare ka a bakin kasuwa yana "zo in nuna maka wuri" yawanci yana da la'ada a rumfunan da zai kai ka, kuma kai za ka biya ta ba ka sani ba.

4. Da sassafe: duwatsun Birni da ƙofar fada

Ƙarfe bakwai ta same ka a Birni. Kasuwa ba ta kankama ba tukuna, dutse kuma bai ɗauki zafi ba.

Duwatsun nan su ne abin mamaki na farko. Manyan curi ne masu santsi, wani ya fi ɗaki girma, wani a ɗore kan wani kamar da hannu aka aza shi, ka rantse iska za ta ture shi, amma kakannin kakanni haka suka tarar da shi. Mutane ba su kauce musu ba, gini suka yi da su. Za ka ga katangar gida ta taho ta dangane da dutse, dutsen ya zama bango, katangar ta ci gaba daga wancan gefen. Lungu ya kan ƙuntata har sai ka karkata kafaɗa, sannan ya buɗe ka ga awaki a can sama suna kallonka. Ka hau ɗaya daga cikin masu sauƙin hawa, ka dubi gari: daga nan za ka gane inda Zango take da inda kasuwa take, sauran yinin ba za ka ɓata ba.

Gargaɗi: dubi inda kake sa ƙafa a tsakanin duwatsu, wasu lungunan yara sun mai da su bayan gida. Kuma daga sama ana hango tsakar gidajen mutane, inda mata ke aikinsu. Kada ka juya wayarka can.

Daga nan ka gangaro ƙofar fadar Sarkin Damagaram, ginin da ke tsaye tun wajen 1850, zamanin Sarki Tanimun wanda ya kewaye garin da ganuwa. Ragowar ganuwar na nan jefi-jefi, ka ce wa ɗan rakiyarka ya nuna maka. A ƙofa za ka tarar da dogarai cikin ja da kore. Kada ka wuce su kai tsaye. Ka yi sallama, ka rage tsawo, ka ce, "Ranku ya daɗe, baƙo ne, na zo ganin gidan sarki in da hali." In sun ce ka shiga, wani zai raka ka, ka cire takalmi inda ya cire, ka tsaya inda ya tsaya, in kun fito ka ba shi abin goro. In sun ce yau babu hali, ka yi godiya ka tafi, ba a ja-in-ja a ƙofar fada.

A can kan tudu akwai barikin da Faransawa suka gina bayan sun ci garin a 1899, suka sa masa sunan Kyaftin Kazamaju da aka kashe a nan a 1898. Ka kalle shi daga nesa. Duk wurin da ka ga soja ko jandarma, wayarka ta koma aljihu.

5. Da hantsi: kasuwar dabbobi

Kuskuren da masu zumuɗi ke yi shi ne zuwa nan da asuba. Ba za ka tarar da kowa ba sai turaku. Dabbobin da ƙafa suke zuwa daga ƙauyuka, sai wajen ƙarfe goma wurin ke cika. Hau kabu-kabu ka ce kasuwar dabbobi, ku daidaita kuɗi kafin ka ɗora ƙafa.

Fara da ɓangaren raƙuma, ka bi ta shanu, ka ƙare da awaki da tumaki, don ƙura ta fi yawa wurin ƙananan kuma gara ka sha ta a ƙarshe. Ka lura da jajayen shanun Bororo masu ƙaho kamar an buɗe hannu biyu sama, da tambarin da aka ƙona a wuyan raƙumi ko cinyarsa, wanda ke nuna dangin masu shi. Ka tsaya kusa da wani ciniki ka saurara. Mai dabba ba ya cika magana, yana tsugune da sandarsa. Dillali ne ke kai da komowa, ya kama hannun mai saye ya ja shi gefe, ya dawo ya raɗa wa mai dabba, a ce "albarka", a sake komawa. In ka ji "na sallama", ciniki ya faɗa, sai maganar la'ada.

Gargaɗi: kada ka taya abin da ba za ka saya ba. In ka sa wa rago suna don wasa, mai shi ya ce ya sallama, rago ya zama naka a idon duk wanda ke wurin. In dillali ya matsa maka, ka ce, "Alhaji, kallo na zo yi, Allah ya ba da kasuwa." Kuma kada ka bi ta bayan raƙumi ko jaki, ka zaga ta gaba inda yake ganinka.

Awa ɗaya ta isa.

6. Layin gishiri da kanwa

Yanzu ka dawo Kasuwar Dole, amma kada ka shige ciki. Bi ta gefe ka tambayi inda masu kanwa suke.

Abin da za ka nema shi ne kantu, gishirin Bilma da Fashi. Dogo ne mai faɗin gindi da tsinin kai, launin ƙasa-ƙasa, nauyinsa kilo 20 ko fiye. A kututturen dabino da aka rarake ake zuba shi ya daskare, shi ya ba shi wannan siffa, kuma na dabbobi ne, su lasa. Kusa da shi za ka ga beza, farin gishiri na miya, da manda mai duhu daga ƙasar Manga, da kanwa iri-iri, fara da ja da ungurnu. Yawanci dabinon Kawar, yankin da Bilma take, ma na nan kusa, busasshe mai tauri, don hanya ɗaya suka biyo da gishirin.

Masu wannan layi tsofaffi ne, kuma nan goronka zai yi aiki. Tsuguna, ka ce, "Baba, sannu da kasuwa," ka miƙa goro biyu, ka sayi kanwa ta dala ashirin, sannan ka yi tambaya. Wanda ya fara da tambaya kafin gaisuwa, amsa ɗaya zai samu: "Saye za ka yi?"

Kada sha'awa ta sa ka sayi kantu sukutum. Na ga wanda ya yi, ya yini yana saɓe da shi, a mota kuma ya farfashe. Ana sayar da gutsure.

7. Masu magani

Wannan shi ne wurin da baƙi suka fi tsayawa baki buɗe, kuma nan aka fi yin ɓatanci.

Shimfiɗa ce a ƙasa, wani lokaci ƙarƙashin 'yar rumfar buhu. A gaba sassaƙe da saiwoyi ɗaure-ɗaure, farar wuta, alimun, tozali a dunƙule, wuri, tazargade, hulba. A baya kuma abubuwan da ke sa mutum ja da baya: busasshiyar hawainiya, fatar bushiya a nannaɗe, ƙayar beguwa a cikin gwangwani, ƙahonni manya da ƙanana, saɓar maciji, kan tsuntsu da ba ka iya cewa na mene ne. Mai kayan na zaune a tsakiya, kowane ƙulli ya san inda yake ko da ido rufe. Minti goma a gefensa za ka ji abin da ke damun gari: mai ciwon baya, mai yaron da ke firgita da dare, mai shanun da suka ƙi kiwo, da wanda zai sunkuyo ya yi magana ƙasa-ƙasa don kada ka ji.

Ga yadda ake yi. Ka yi sallama ka tsuguna daga gefe, ba a gaban shimfiɗa ba, don kada ka tare masu saye. Ka sayi wani abu mara illa, kanumfari ko kimba ko turaren wuta. Ka tambayi sunan abu, ba aikinsa ba. In ya ga dama shi zai ƙara maka da aikin. In mai buƙata ya zo ya rage murya, ka tashi ka ba su wuri.

Gargaɗi uku a nan. Kada ka tsallake kayan, kada ka taɓa ba a miƙo maka ba. Kada ka ɗauki hoto sai ka tambaya, in ya ce a'a to a'a ne, wasunsu na ganin hoto na karya magani. Kada kuma ka sayi fata ko ƙaho ko kan naman daji a matsayin tsaraba: doka ta hana, ma'aikatan gandun daji da na duwan, wato kwastan, na iya ƙwacewa a hanya, su ƙara maka da tara. Game da sha kuwa, ra'ayina a fili yake. Kallo ka zo yi. Garin maganin da ba ka san abin da ke cikinsa ba, ba ya shiga cikinka a ranar tafiya.

Wanzamai ma kan zauna a irin wannan gefe, da zabirarsu da ƙahonninsu. In ka ga mutum tsugune da ƙaho huɗu manne a bayansa, jinin da suke cewa ya mutu ake tsotse masa. Kalla daga nesa, ka bar askinka sai ka koma gida.

8. Bi hayaƙi zuwa wurin maƙera

Kunnenka zai kai ka, ƙarar guduma ba ta ɓuya. Akwai masu ƙirar baƙin ƙarfe, masu fartanya da lauje da gatari. Akwai masu yanka tsohuwar ganga su fitar da murhu da akwati da mazubin ruwa, da masu yanka taya su yi takalmi da gugar rijiya. Amma in lokacinka kaɗan ne, ka ba masu zubin tukwane.

Ka nemi izini ka tsaya har a zuba tukunya ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Za su ɗauko tsohuwar tukunya a matsayin uwa, su kifa ta cikin akwatin katako, su cika da ƙasa mai laushi da ɗan danshi, su daddanna da ƙafa da taɓarya. Sai su raba akwatin biyu a hankali, su zare uwar, siffarta ta zauna a cikin ƙasa, su mayar su rufe, a bar 'yar kafa a sama. Can gefe yaro na juya ƙafar keke da hannu, ita ke kaɗa fankar da ke hura gawayi, zugazugin zamani ke nan. A cikin kasko gwangwanayen lemo da gutsuren injin mota sun narke sun zama kamar ruwan azurfa. Maƙeri ya kwashe dattin da ya taso sama, ya ɗauko da dogon maɗauki, ya tsiyaya ta kafar nan ba tare da hannunsa ya yi rawa ba. Bayan 'yan mintoci a fasa ƙasar, sai ga tukunya tana tururi, da kunnuwanta da lambarta. Na kai baƙi da yawa wurin nan, ban taɓa ganin wanda bai ce "ikon Allah" ba a daidai wannan gaɓa.

Gargaɗi: tsaya inda suka nuna maka, kuma gorar ruwanka ta yi nesa da wurin zubi. Ɗigon ruwa a cikin narkakken ƙarfe tartsatsi yake yi. In za ka saya, ɗaga tukunyar ka duba ta a hasken rana ko akwai 'yan ƙofofi, ka ƙwanƙwasa ka ji ƙararta ta fita tsaf, ka sa a zuba ruwa a gani. In ba ka sayi komai ba, ka ba yaron da ke juya keke dala ashirin ko hamsin.

9. Azahar: ka zauna

Daga ƙarfe ɗaya zuwa uku ba a yawo. Ka yi salla, ka nemi inuwa. Fura da nono ita ce abincin wannan lokaci, ka zaɓi mai furar da mutane suka yi wa layi, ka ce a dama maka da ruwan leda ko na gorarka. Damagaram gari ne mai ƙarancin ruwa tun fil azal, 'yan ga-ruwa da kurarsu ta jarkoki za ka yi ta gani, kuma ba kowane ruwa cikin baƙo ke ɗauka ba.

In lokacin fara ne, ka ɗanɗana soyayya da yaji, ta dala goma ta ishe ka gwaji. Cuku kuma, wannan busasshen nonon mai faɗi kamar takarda da zanen tabarma a jikinsa, da shayi ake cinsa ko a daka a fura. In Buzaye suka kira ka shayi, ka sani zagaye uku ne, tashi bayan kofin farko rashin ladabi ne. In ba ka da awa guda, ka yi godiya tun kafin ka zauna.

10. Dukawa

Da ƙarfe uku ka nufi masu aikin fata, sana'ar da aka san garin nan da ita. Ka bar wannan sai yanzu da gangan, don kayan da za ka saya kada su zame maka kaya tun safe.

Ka wuce masu rataye kaya a bakin hanya, ka nemi inda ake ɗinki. Baduku na zaune da allonsa a cinya, da basilla da 'yar wuƙa, yana yanka siririn zaren fata yana saƙa ado da shi. Jan launin daga karan dafi ake samunsa, baƙin kuma kuloko ne, fatar akuya ce da aka jeme da bagaruwa. Za ka samu alabe, gafaka, kube, takalma, jakunkuna, da tumtum na zaman falo.

Gwaji huɗu kafin ciniki. Shinshina: fatar da ta jemu tana ƙamshin bagaruwa, wadda ba ta jemu ba tana ɗoyi, kuma ɗoyin ƙaruwa zai yi da damina. Jiƙa yatsa ka goga a kan jan, in ya biyo hannunka sosai zai ɓata maka farar riga. Juya cikin ka gani ko fata ce har ciki ko an liƙa leda. Ja ɗinkin hannun jaka da ƙarfi, nan ne take fara mutuwa. Tumtum kuwa ka saye shi ba cushe ba, ka ninke, in ka je gida ka cusa tsumma ko auduga.

Ciniki a nan da natsuwa ake yi. Ka bar shi ya sa suna, ka taya ƙasa da abin da kake niyyar biya, ya ce albarka, ka ƙara kaɗan. Amma ka tuna wanda ya yi aikin da hannunsa ne a gabanka. Taya wulaƙanci ga mai kwana uku a kan jaka ɗaya ba wayo ba ne, a wurin 'yan kayan China ake wannan. In kun daidaita, ka ce a yi maka gyara, sau da yawa za a ɗora maka ɗan maɓallin makulli ko laya ta ado.

11. La'asar sakaliya: gidajen Zango

Ka ajiye kayanka a masauki ko wurin ɗan rakiya, ka shiga Zango da ƙafa wajen ƙarfe biyar, lokacin da rana ta kwanta tana dukan bango a karkace, zanen ya fito da inuwarsa. Da tsakar rana duk a shafe yake.

Attajiran fatake ne suka gina gidajen nan da dukiyar ayari, kowa na son ƙofarsa ta fi ta maƙwabci. Ka ɗaga kai ka dubi zankwaye a kusurwoyin soro, ka sauko kan fuskar zaure: dagi, da'ira cikin da'ira, takobi, wani wuri an shafe da shuɗi da rawaya da kore, wani an bar shi da launin makuba. Wasu an gyara su suna sheƙi, wasu damina ta cinye rabin zanen, an toshe da bulo da siminti. Waɗannan na biyun sun fi tsaya mini a rai, ka dube su da kyau, don ba lalle ka tarar da su ba in ka dawo.

Gargaɗi: gidajen mutane ne, ba gidan tarihi ba. In dattijai na zaune a dakali, ka gaishe su kafin ka ɗaga waya: "Baba, barka da yamma, gidan ne ya ba ni sha'awa, ko zan iya ɗauka?" Namiji baƙo iyakarsa zaure. Mace kan samu a shigar da ita ciki, in haka ta faru ki riƙe ɗan abin da za ki ba yara ta hannun uwar gida. Kada ka raba wa yaran lungu kuɗi, cikin minti biyu za su zama talatin, yawon ya ƙare ke nan.

12. Bayan magariba

Kilishi ka saya yanzu, ko gobe da safe kafin mota ta tashi. Ka ce a gutsura maka ka ɗanɗana, ka zaɓi wanda ya bushe ƙayau yana karyewa, a naɗe maka a takarda, ba a leda ba, leda na sa shi gumi. Cuku ka sa shi tsakanin kwali biyu. Kanwa da gishiri kada su haɗu da kayan fata a jaka ɗaya, suna cin ta. Tukunya ka cika cikinta da tufafi ka ɗaure murfin.

Wanda bai gaggauta ba ya ƙara kwana uku: ranar Lahadi kasuwar Mirriya ke ci, kilomita 18 daga nan, can ne matattarar tuluna da randunan ƙasa. Ka tafi da tsohon bargo na naɗe su, ka kuma zauna kusa da kayanka a mota, don yaran tasha ba su san bambancin tulu da buhun gero ba.